Hambali Gagara-Shiga da Ƙofar da Ba Ta Tambaya

Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci ƙofa, ya kuma halicci mai zama a bakinta. Bayan haka, wannan shi ne tarihin fitaccen gwarzo, ma'abocin himma da azama, Injiniya Hambali Gagara-Shiga, ɗan Rabe mai gadin rumbun auduga, wanda ya yi shekara da shekaru a bakin get ba a taɓa fita da ko ƙwayar angurya ba matuƙar idonsa biyu. Rabe kuma ɗan Sada, wanda aka ce tarinsa kaɗai kan sa ɓarawo ya maido abin da ya ɗauka ya haɗa da ban haƙuri. Sada kuma ɗan Tanimu Sarkin Ƙofa, wanda, a ruwayar Hambali, ya riƙe ƙofar yamma ta birninsu tun ganuwa tana ganuwa, babu falke ko baƙon da ke shiga sai ya faɗi sunansa da na ubansa da abin da ke cikin mangalarsa. Zuriya ce da ba ta shahara da noma ba, ba ta shahara da fatauci ko malanta ba. Abu ɗaya Allah ya hore mata, shi ne tambayar mutum ina za shi.

Wannan gado mai alfarma ya iso hannun Hambali a zamanin da ganuwa ta zama bulon ginin jama'a, don haka daularsa ta tsaya a kan shago ɗaya a bakin tashar Funtuwa, jikin rumfar Mamuda mai walda. A nan yake da 'yan kwamfutoci da mutane ke zama a kansu su buga takardu, su duba sakamakon jarrabawa, su tsara katin biki. Sarautar Injiniya kuwa 'yan tasha ne suka naɗa masa ita ranar da ya tayar da fankar ofishinsu. Babu makarantar da ta ba shi, kuma har yau babu wadda ta zo ta ce a maido mata.

A kusurwar shagon akwai babbar kwamfuta wadda sauran ke jingine da ita, a cikinta akwai faifan ajiya, a cikin faifan kuma akwai abu guda da ba na kasuwa ba. Bidiyo ne na ranar sunan 'yarsa ta fari, Ummi, kuma shi kaɗai ne a doron ƙasa yake ɗauke da motsi da muryar Inna Tabawa, mahaifiyar matarsa Lantana. Tsohuwar ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba a rayuwarta. Ta rasu da damina ta zagayo, wayar da aka ɗauki bidiyon da ita kuma ta bi wani aljihu a kasuwar shanu ba ta dawo ba. Tun da Inna ta rasu, Lantana ba ta iya kallon bidiyon ba, ta ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sai dai jefi-jefi, idan ta ajiye masa abinci, takan tsaya ta tambaya ba tare da ta dube shi ba.

"Baban Ummi, Inna tana nan?"

"Tana nan," yakan ce, da muryar jikan Sarkin Ƙofa.

Ana nan cikin aminci da zaman lafiya, sai wata safiya labarin musiba ya faɗo zauren masu gyaran kwamfuta da ke cikin wayarsa. Masana na ƙasashe masu nisa sun gano ɓaraka a can cikin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa, wurin da suke kira kanal, inda ake yanke hukuncin wanda ya isa da wanda bai isa ba. Tsakanin kanal ɗin da faifan ajiya akwai wani ɗan aike da suke kira direba, shi ke kai umarni ya komo. Ashe wannan ɗan aiken sau ɗaya tak yake tambaya. Idan baƙo ya ce kallo kawai ya zo yi, sai ya buɗe masa, daga nan kuma ko baƙon ya miƙo umarnin a share faifan kakaf, zai karɓa ya kai da gudu ba tare da ya sake duba izininsa ba. Kamar mai gadin da ya bar ka ka leƙa zaure, sannan ya taya ka ɗaukar gatari zuwa ɗakin maigida.

Hambali bai gaskata ba sai da ya gwada, don zuriyarsu ba ta aiki da ji-ta-ji-ta. Ya ɗauko wani tsohon filas nasa, ɗan abin ajiyar nan da ake cusawa a kwamfuta, mai cike da waƙoƙi, ya zauna a kujerar baƙi, ya shiga a matsayin talakan da ba shi da ikon taɓa komai, ya aika umarnin yadda aka kwatanta. Kafin ya gyara zaman hularsa filas ɗin ya koma fayau, ko amshi ɗaya bai rage ba. Nan gwarzon ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ba don yana zaton akwai wani a tashar Funtuwa da ya san wannan sihiri ba, tunda mafi yawan masu zuwa da yatsa ɗaya suke neman harafi. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne filas-filas ɗin da suke zuwa da su daga ko'ina, kowanne ɗauke da bairos ɗinsa, wato cutar kwamfuta, suna cusawa a kwamfutocinsa ba sallama.

Da ya koma gida cin abincin rana ya labarta wa Lantana, ya yi mata bayani mai zurfi da balaga, har da zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce tunda haka ne me zai hana ya kwafo bidiyon a wani abu ya kawo gida a ajiye. Masu tarihi sun haɗu a kan cewa shawara ce mai kyau. Amma Hambali ya dube ta da tausayin da jarumi kan yi wa wanda bai san yaƙi ba, ya sanar da ita cewa kwashe kaya aikin waɗanda aka ci garinsu ne, kuma tun daga Tanimu ba a taɓa jin wani a gidansu ya gudu da dukiya ya bar ƙofa ba. Ƙofa ta lalace, ƙofa za a gyara. Lantana ta ce to, ta kwashe kwanuka.

Washegari da hantsi aka buga tambarin yaƙi. Sadauki, ƙyaure mai hana iska wucewa, sakata ta gidan Rabe, ya ayyana dokar ta-ɓaci a faɗin daularsa, ya juya fuskokin kwamfutoci suka kalli bango, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙugu. Farkon wadda ta gamu da fushinsa ita ce Malama Asabe, malamar makarantar mata, wadda ta zo da filas a hannu za ta buga katin walimar saukar ɗalibanta. Ya tare ta kamar an tare rundunar mahara, ya tambayi asalin filas ɗin da garuruwan da ya ratsa da kwamfutocin da ya kwana a cikinsu. Ta ce ita kati ta zo bugawa ba aure ta zo nema ba, ta ja benci ta zauna a inuwar rumfar Mamuda, ta ce tana nan har a gama haukan.

Makamin da zai toshe ɓarakar wani ɗan gyara ne da masanan suka fitar, wanda 'yan sana'ar ke kira faci, kuma sai an sauko da shi ta intanet. A nan fitina ta farko ta bayyana, domin sabis a shagon Hambali baƙo ne mai kunya, yakan leƙo ta taga ya koma. Gwarzon ya ɗaura aniya, ya haɗa wayarsa da babbar kwamfutar, ya zagaye shagon yana ɗaga ta gabas da yamma, ya hau kujera, ya hau tebur, daga bisani ya aro tsanin Mamuda ya haye rufin kwano a tsakiyar rana, inda ya tsaya ƙafa a ware, hannu a sama, babbar riga tana kaɗawa, ga kwano yana gasa shi ta ƙasa ga rana tana gasa shi ta sama, yana fuskantar ƙarfen sabis da ke can bayan gari kamar yadda kakansa ya fuskanci ƙurar abokan gaba. Direbobin tasha suka bar lodi suka taru suna kallo. Wani ya tambaya ko wata ake dubawa.

"Ko ni ko kai!" Hambali ya yi wa sararin sama kirari, sabis ɗin kuma ya ƙaru da sanda ɗaya.

Saukowar facin ta yi nisa ke nan aka ɗauke wuta, komai ya koma farko. Bai karaya ba. Ya sauko ya fuskanci janaretonsa, tsohon ingarma mai tari, ya ja igiya har kafaɗarsa ta nemi barin jikinsa, ingarman ya yi haniniya ya mutu, ya sake ja, ya sake mutuwa, sai da aka cire masa fulogi aka hura aka goge da gefen riga sannan ya yarda ya shiga fagen fama. Ana haka aka maido wuta. Da maidowarta Mamuda ya kunna injin waldarsa, wanda ke layi ɗaya da shagon, duk lokacin da ya ɗosana ƙarfe sai fitilar shagon ta yi ja, kwamfutar ta yi kukan neman agaji. Dole aka aika da wakilci, Hambali ne jakada kuma shi ne sarkin da ya aiko. Bayan doguwar tattaunawa aka ƙulla sulhu a kan cewa Mamuda zai ajiye makami har la'asar, shi kuma Hambali zai cire masa waƙar da ta maƙale a wayarsa take tashi duk lokacin da ya shiga masallaci.

Da faci ya sauka ya shige mazauninsa, sai aka zo sa'ar da ke bambanta maza, wato kashe kwamfuta a sake kunnawa. Fuskarta ta yi baƙi, fararen rubutu suka yi ta gudu kamar tururuwa, sannan ta buɗe. Hambali ya duba inda faifan ajiya yake zama, ya ga wayam. Babu faifai, babu bidiyo, babu Inna Tabawa. Ya tsaya yana kallon wurin, abin da ya zo masa a rai ba kakanninsa ba ne, Lantana ce tsaye da kwano a hannu, tana tambayarsa ko Inna tana nan. Ya durƙusa, kuma a durƙushen ne ya ga wayar faifan tana lilo a ƙarƙashin tebur, inda ƙafarsa ta fizge ta lokacin da yake hawa neman sabis. Ya mayar da ita mazauninta. Faifan ya dawo.

Ya koma kujerar baƙi ya sake aika mugun umarnin nan ga tsohon filas ɗinsa. Wannan karon ɗan aiken ya tsaya ya duba, ya ce ba ka da izini. An yi fatahi. Mamuda ya buga guduma a kan ƙarfe don taya murna, Malama Asabe ta miƙe tana kakkaɓe mayafi.

Da a nan gwarzon ya tsaya da tarihin ya ƙare lafiya. Amma giyar nasara ta ɗebe shi. Ya ce ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Ya ƙwace izinin kallo daga hannun kowa, ya kulle faifan da makulli mai sarƙaƙiya, ya sa masa kalmar sirri da sunayen kakanninsa a jere tun daga ubansa har Sarkin Ƙofa, sannan, don maƙiya su san da wa suke yi, ya umarci kwamfutar cewa duk wanda ya yi ta kuskuren kalmar, to ta jefar da mabuɗin har abada, kowa ya rasa. Ya jingina da kujera yana jin ƙamshin daraja. A daidai lokacin aka yi sallama a bakin ƙofa, da muryar da ta sa hularsa ta kusa faɗuwa.

Malam Isiyaku ne, tsohon hedimasta, mahaifin Lantana, mijin marigayiya. Bai taɓa taka shagon ba. Hambali kuwa tun da ya auri 'yarsa bai taɓa haɗa ido da shi ba, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, kuma ya taɓa sauka daga babur ya shige kwata don kawai ya hango shi tafe. Jikan mai tambayar fatake sunan ubansu ya tuɓe takalmi cikin shagonsa, ya zube ƙasa, ya kafa ido a kan siminti, ya shiga jero gaisuwa. Ina za ka da me ka ɗauko duk suka gudu daga bakinsa.

Tsohon ya amsa gaisuwar, ya tambayi aiki da iyali, ya zauna a kujerar babbar kwamfuta wadda ba a taɓa barin wani ya zauna a kai ba. Ya juya sandarsa a hannu.

"Yarinyar nan ta ce mini uwarsu tana cikin na'urar nan," ya ce. "Ta ce abin ya so ya lalace. Na ce bari in zo in gan ta tun da sauran dama."

Ya miƙa yatsa ya taɓa madannai, kwamfutar ta amsa wa surukin Hambali da baƙar magana, ta ce ba shi da izini. Tsohon hedimasta ne, ya karanta da kansa, har ya gyara tabarau ya sake karantawa.

Yanzu ga matsalar da babu masanin ƙasar waje da ya hango ta. Kafin a buɗe sai an buga kalmar sirri, kafin a buga sai Hambali ya miƙe tsaye a kan surukinsa ko ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, kuma duka biyun mutuwa ta fi su sauƙi. Don haka ya ja gwiwa ya matso, kansa a sunkuye, ya ɗaga hannu ɗaya sama da tebur yana lalube. Ya buga, ta ƙi. Ya goge hannu a riga ya sake bugawa, ta ƙi. Kakanninsa suka cakuɗe a kansa, ya rasa wa ya haifi wa. Ya saci kallon fuskar kwamfutar ta gefen ido, ya ga jan gargaɗin da shi da kansa ya rubuta ɗazu cikin alfahari: saura kuskure ɗaya.

Bairos bai taɓa kawo Inna Tabawa kusa da halaka haka ba. Hambali ya san wannan, kuma ya ji kunyar da ta fi ta surukuta. Ya shiga karanto sunayen a fili ba tare da ya sani ba. Rabe, Tanimu, Sada. A'a, Sada, Rabe. Mamuda da Malama Asabe sun riga sun cika bakin ƙofa.

"Rabe ɗan Sada, Sada ɗan Tanimu," in ji Malam Isiyaku a hankali, yana kallon bango. "Na bincika kafin in ba ka aure. Sai da na je har garinku."

Hambali ya buga harafi bayan harafi, kamar mai taka ƙaya.

"Tanimun nan mutumin kirki ne," tsohon ya ƙara, don dai ya cike shirun. "Shi ke riƙe wa masu shiga gari jakunansu a bakin ƙofa. An ce bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba."

Faifan ya buɗe. Kalmar sirrin da aka gina don ta gagari duniya ta zama abin da mai walda da malamar makaranta suka haddace a tsaye, Sarkin Ƙofa kuma ya sauka daga karaga ya kama igiyar jaki, duk a cikin numfashi ɗaya. Masu tarihi ba su ce komai a kan wannan ba, Hambali ma haka.

Ya lalubo bidiyon ya kunna. Ga tsakar gida cike da mata, ga tukwane, ga hayaƙi, hoton yana rawa don mai ɗaukar yana tafiya. Sai ya juya kan wata tsohuwa zaune a tabarma da jaririya a cinya. Kafin fuskarta ta fito sosai ta gane wanda ke riƙe da wayar, mijin 'yarta ne, ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya baya. Abin da ya rage a hoton shi ne shuɗin mayafi, da hannu ɗaya mai lalle, da kafaɗa tana girgiza don dariya, da murya daga ƙarƙashin mayafin tana cewa, "Ku ce masa ya kau da abin nan, ni ba na so." Daga nan hoton ya koma kan tukwane. Iyakar taskar ke nan da aka hau rufi dominta.

Malam Isiyaku ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ita ce," ya ce. Can kuma ya ce, "Maido shi baya."

Gagara-Shiga ya maido, daga durƙushe, hannu a sama, kai a ƙasa. Ya sake maidowa. Bai ƙirga ba, kuma ba wanda ya ce ya gaji. Mamuda ya koma rumfarsa, amma bai kunna injin ba ko da la'asar ta wuce. Malama Asabe ta mayar da filas ɗinta jaka ta ce gobe ma rana ce ta buga kati.

Da magariba Lantana ta ajiye masa tuwo, ta tsaya yadda ta saba tana kallon wani wuri.

"Baban Ummi, Inna tana nan?"

"Tana nan," ya ce. Ya laluba aljihu ya fito da tsohon filas ɗin nan da ya share da hannunsa, ya ajiye a gefen faranti. Kwafar bidiyon a cikinsa bai ɗauke shi tsawon ɗaura agogo ba. "Ga ta ma."

Lantana ta ɗauka ta juya shi a tafin hannu. Ba ta tambayi yadda aka yi jikan Tanimu ya fito da kaya ta ƙofa ba. Ta ƙulle shi a haɓar zanenta, ta ja ƙullin da haƙori, ta ce masa ya ci tuwon kafin ya huce.